Goma Sha Tara a Jinin Huraira

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Na'urar gwajin jini ta iso asibitinmu! Ni da na zaci ƙaton akwati zan gani, sai ga abu kamar rediyon hannu, da 'yan katuna ƙanana. Micah, shugaban ɗakin gwajinmu, ya ɗaga kati ɗaya a hasken taga, na ga hanyoyi sirara a ciki, ba su kai gashi kauri ba. Ɗigon jini ɗaya zai bi ta nan, kafin ka sha shayi ta faɗi yawan gubar dalmar da ke jikin yaro. Jinin da a da sai mun aika Kaduna, mu yi ta addu'ar mota ta ratsa daji lafiya. Yau ko abincin rana ban tuna ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Yara ashirin da uku muka gwada yau. Micah ya ce in lambar da na'urar ta nuna ta kai biyar zuwa sama, abin damuwa ne. Ɗan Talatu, wadda mijinta ke haƙar zinare, ya ba da ashirin da shida. Wai a tsakar gida suke dakan dutsen zinaren, ga shi cike da dalma. Na wanke ta tas a gaban mata, na ce wace irin uwa ce ke barin ɗanta yana rarrafe cikin guba. Ta goya shi ta fita. Micah ya ce na yi zafi da yawa. Ni dai gaskiya na faɗa.

Alhamis, 10 ga Yuli

Mata sun ja baya, wai ba su san inda jinin ke zuwa ba. Gobe zan kawo Hurairata, 'yar wata goma, in gwada ta a gabansu. Su ga jinin 'yar gidan tsafta.

Juma'a, 11 ga Yuli

Goma sha tara. Na sake, goma sha tara.

Lahadi, 13 ga Yuli

A unguwar Magajin Gari muke, duk layinmu ba mai haƙar zinare. To daga ina? Jiya na gwada mutanen gida. Maigidana Munzali, uku. Ni, goma sha ɗaya. Innata, goma sha huɗu. Tukunya ɗaya, rijiya ɗaya, me muke yi mu uku da shi ba ya yi? Da safe ina gaban madubi, hannuna ya tsaya cak. Kwalli. Inna da kanta take niƙa dutsen, tun ranar suna take rambaɗa wa Huraira, ita kuwa ta murza ido ta sa yatsa a baki. Na kira Micah, ya ce dutsen kwalli sau da yawa dalma ce zalla. Allah ya yafe min, ina kuka ina murna. Ɗan katin nan ya kama ɓarawo har cikin ɗakina.

Talata, 15 ga Yuli

Likita ya ce a daina sa wa Huraira kwalli nan take, a gyara mata abinci, a sake gwaji. Faɗa wa Inna ne ya fi wuya.

"Adawiyya, da shi na raine ku ku bakwai. Yanzu ni ce na ba jikata guba?"

Na ce ai ba ta sani ba, ni ma da nake ɗakin gwaji ban sani ba. Ta ɗauko tandun kwallin ta miƙo min.

Litinin, 21 ga Yuli

Yara talatin yau, katunan sun kusa ƙarewa. Talatu ta dawo karɓar magani, ta tsaya can bakin ƙofa. Ta dubi idona fari fat ba kwalli, ta ce ko zazzaɓi na yi. Na ce a'a. Ba wai haƙuri na ba ta ba, kujera kawai na jawo mata kusa da tawa, na ciro takardar Huraira daga jaka na ɗora kusa da ta ɗanta. Ba ta iya karatu ba, sai da na karanta mata lambar da bakina.