Fitilar Hawainiya Ta Ƙone

Daren Laraba, unguwar Al-Naseem

Madam, matar da nake wa aikatau, ta tafi Jidda ta bar mini hawainiyarta, ta ce kada in bari fitilar da ke ɗumama ta ta mutu. Da safe na tarar ƙwan fitilar ya ƙone, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na ta hura sanyi, hawainiyar ta yi baƙi ƙirin a ƙasan keji, ido rufe. Ni da ko kallon hawainiya ba na iyawa a gida Maraɗi, da hannuna na ɗauke ta zuwa bakin taga ta sha rana. Da ƙyar ta fara komawa koriya, amma ta ƙi cin komai.

Madam ta kira ɗazu: "Kullu tamam, Hadiza?" Na ce tamam, komai lafiya. Fasfona yana hannunta. Ya Allah, ka nuna wa dabbar nan gobe.