Karan Shinkafar da Kanar Ya Hana a Ƙona

Zuwa ga 'yata Khaulat,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Abdulrauf da yara, ya sa kuma sanyin ƙasar da kuke bai takura muku ba. Mu nan Kura mun gode Allah. Masu zaman makoki sun watse, gida ya yi mana faɗi. Iya tana nan da ciwon ƙafarta, Rukayya ta sauka lafiya an sami mace, Nasiru kuwa kullum yana bakin ruwa wajen gona.

Ranar da muka yi waya kin tambaye ni ko mahaifinki ya tafi hankalinsa a kwance, sai kawai na fashe da kuka. Shi ya sa na zauna in rubuta, ke 'yarsa ce, kin cancanci ki ji komai daga bakin ƙanwarsa.

Ke kin san shi da kaki da taurari a kafaɗa, ni kuwa na san shi da gajeren wando yana bin shanun Fulani a bayan gari. Tun zamanin kakanki, in aka gama yankan shinkafa a gonarmu ba a ƙona kara, sai an bar shanun gidan su Dattijo Bafulatani sun shiga sun ci, su kwana a ciki su bar mana taki, sannan a yi huɗa a saki ruwan rani. Ba a aika musu, ba sa neman izini, lokaci ne kawai in ya yi sai ka ga garke ya doso. A nan mahaifinki Yaya Hambali ya ƙulla abota da Dattijo, ƙwarya ɗaya suke shan nono. Har ya shiga soja ya kai Kanar, in ya zo hutu sai ya leƙa ruga kafin ya cire takalmi.

Abin da ya faru bayan nan kina ƙarama. An kai shi wani ofishi da ko matarsa ba ta san aikin da ake yi a ciki ba. Ashe makamai ake fitarwa a ɓoye ana ba wasu mutane a ƙetaren iyaka, wai don su tare wasu abokan gaba kafin su iso mana. Asiri ya tonu, aka kafa kwamitin bincike, muka taru a gidan maƙwabta muna kallonsa a talabijin. Ya ce shi soja ne, umarni ya bi, kuma ya ƙi kama sunan ko mutum ɗaya daga cikin manyansa. Wasu suka ce gwarzo ne, wasu suka ce maci amana. Aka yi masa ritaya, ya faɗa siyasa cikin masu ra'ayin riƙau, kullum yana rediyo yana faɗa a kan tarbiyya da komawa ga al'adun iyaye. Ni ina ji ina cewa a raina, kayya Yaya, kai da rabonka da zaman tabarma tun yaushe! Ya nemi kujerar majalisa, Allah bai ba shi ba.

Ana cikin wannan yawon neman ƙuri'a ɓarayin shanu suka harbe Amiru, ɗan Dattijo na fari, a daji wajen kiwo. Mutane suka riƙa cewa irin bindigogin nan ne da aka fitar suka zagayo hannun miyagu. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, Allah kaɗai ya sani. To, mahaifinki ya tafi ta'aziyya, amma wace irin tafiya? Jerin motoci da jiniya, da masu gadinsa kowa rataye da bindiga, suka tsaya a kan mutanen da ke zaune a tabarma. Shanu suka firgita, mata suka kwashi yara suka shige ɗaki. Tambaya, mahaifiyar yaron, ta leƙo ta ga bakin bindiga a ƙofar ɗakinta, ta yanke jiki ta faɗi. Wallahi ba da mugun nufi ya yi ba, ya saba da masu gadin ne har ya daina ganinsu. Dattijo ya karɓi gaisuwa ya yi godiya. Da kaka ta zo garkensa ya bi ta gefen gonarmu ya wuce, kuma tun daga shekarar bai sake shiga ba.

Bara da ciwo ya ci ƙarfinsa ya ce a dawo da shi gida. Babu jiniya, babu 'yan siyasa, daga shi sai jakar magani. Da aka yanke shinkafa Nasiru ya ɗauki ashana zai ƙona kara kamar yadda ya saba tun da shanu suka daina zuwa, sai Yaya ya hana, ya ce a bar wa shanun Dattijo. Nasiru ya ce masa an saki ruwa, maƙwabta sun dasa tumatir, in lokaci ya wuce an yi asarar ranin nan gaba ɗaya. Yaya ya ce a yi asarar. Na ce to ya bari in aika a kira Dattijo mana, ya ce a'a, ba a taɓa aikawa ba, in aka aika kunya ce za ta kawo shi, shi kuwa ba kunya yake nema ba. Kin dai san taurin kan gidanku, ke ma ba a bar ki a baya ba. Kullum da hantsi sai a ɗora shi a kujera a bakin gona, gonakin mutane shar, tamu ita kaɗai busasshiya, ruwa yana wucewa ta gefenta. Wata rana ya ce min ya amsa tambayoyin manyan lauyoyi gabansa bai faɗi ba, amma ba zai iya rantsuwa cewa bindigar da ta kashe Amiru ba ta bi ta hannunsa ba, kuma yana tsoron ya je kabari da wannan.

Duk mai wucewa kasuwar Bunkure yana ganin gonar, don haka labari ya kai ruga. Ran nan da la'asar sai ga Dattijo da sandarsa, ya tsufa ƙwarai, shanu na biye. Suka bazu cikin kara. Yaya ya yunƙura zai miƙe ya kasa, sai hawaye. Ban taɓa ganin kukansa ba ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Yaya ya roƙi gafara ba tare da ya kawo wani uzuri ba. Dattijo ya ce nasa haƙƙin ya yafe duniya da lahira, amma na uwar yaron ba nasa ba ne balle ya bayar.

Washegari na yafa mayafi na tafi ruga. Tambaya ta shimfiɗa min tabarma, ta dama min fura, ta saurare ni har na gama. Ta ce ba ta taɓa yi masa baki ba kuma ba za ta yi ba, amma in ta ce ta yafe ta yi ƙarya, zuciyarta ba ta kai nan ba tukuna. Na kamo hanyar gida. Tun daga zaure na ji Yaya yana tambaya ko na dawo. Na faɗa masa yadda ta ce, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce ta yi gaskiya, a ce mata yana jira. Bai kai Juma'ar da ta biyo ba.

Iya tana gaishe ki, haka Nasiru da Rukayya da Saliha. Ki gaida Abdulrauf, ki shafa min kan Nafisat. Ki yawaita yi wa mahaifinki addu'a, Allah ya jiƙansa ya yi masa rahama. In kin zo hutu ki taho da shirin tafiya a ƙasa, ni da ke za mu je ruga, ba mota ba rakiya. Na isar wa Tambaya saƙonsa bayan an binne shi, ta yi kuka sosai ta yi masa addu'a, amma kalmar da ya mutu yana jira har yau ba ta faɗe ta ba.

Taki har kullum,
Gwaggonki Saude