Jan Ƙyalle a Buhun Lamba Bakwai

Litinin, 5 ga Mayu

An kawo garin roba masana'antar Baba. Tunda idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu, ni ke duba lambar buhu in ɗaura ƙyalle: ja ga lamba uku, fari ga bakwai. Uku in ya narke kauri gare shi, a hankali yake bin jikin tukunyar ƙarfe, shi ne na manyan tankuna. Bakwai gudu yake kamar koko, sai ƙananan kaya.

Da hannu ɗaya na ɗaura, ɗayan na riƙe da littafin da ƙawata Raihana ta ara min. Saurayin cikin labarin ya kusa dawowa daga tafiya, ina zan iya ajiyewa?

Alhamis, 8 ga Mayu

Baba Ladan ya gasa tankin ruwan mutanen Burumburum, lita dubu biyar. Sumul ya fito, har sheƙi. Shekara goma sha ɗaya yana juya mana tukunya kan wuta. Bai yi boko ba, ƙyallena ne karatunsa.

Asabar, 17 ga Mayu

Tankin ya tsage ta gindi, kwana shida da cika shi. An ce mata sun koma rafi.

Baba ya ce, "Ladan, ka ƙona shi ne. Hannunka ya fara tsufa, je ka huta." Shi kuwa cewa ya yi, "To Alhaji, Allah ya huci zuciyarka." Ya ɗauki butarsa. Da ya zo wucewa ya ce min, "Khairiyya, a gaida Inna." Ya ɗan jima yana kallona.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na duba lambar buhunan da aka zazzage. Bakwai. Jan ƙyalle a wuyansu, ɗaurina ne, na san shi. Na ɓoye guda ƙarƙashin katifa. Me ya sa ma?

Talata, 20 ga Mayu

Kaltume 'yar Baba Ladan ta miƙo min gyaɗa a islamiyya. Na kasa ci.

A littafi in yarinya ta yi laifi kuka take, a rarrashe ta. Ni ko gaisuwa da ƙyar nake iya buɗe baki gaban Baba.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na shimfiɗa buhun gaban Baba bayan ya dawo masallaci. Na sa yatsa kan lambar na karanta. Ya shafa ƙyallen. Can ya ce, "Ɗauko mayafinki. Da bakinki za ki faɗa masa, ni ma ina da nawa roƙon."

Da muka je gidansa, Baba Ladan ya ce tun a wuta ya ga garin ya narke da wuri, ya gane. "Ba na so a ce ke ce."

Gobe zai dawo aiki. Wai in koya masa uku da bakwai.

Na mayar wa Raihana littafinta. Ta ce ya ƙarshen? Na ce da daɗi. Ban ma kai ba.