Ƙofar da Alƙali Ya Hana

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya kuma ciwon bayan nan naka?

Albishirinka, alƙali bai tura Auta gidan yari ba. Ya yanke masa shekara guda saboda hannun mai askin nan da ya karya a faɗa, amma ya jingine hukuncin bisa sharuɗɗa. Zai zauna a gidana, zai riƙa zuwa duk mako wurin jami'ar da ke sa masa ido, zai koyi aiki a wurin kafinta, kuma ko kusa da mai askin ba zai je ba. In ya karya ɗaya, sai gidan yari. Ni na tsaya masa. Na ce wa alƙali ni da nake riƙe aji cike da 'yan rigima, ɗan yayana ɗaya ba zai gagare ni ba.

Ɗanka ya natsu. Jiya ya gyara ƙafar teburin da nake duba jarrabawar yara a kai, ya ce yanzu ba ni da hujjar hucewa a kansu da jan biro.

Ka kwantar da hankalinka.

Ƙanwarka,
Malama

*

Yaya,

Ina gaishe ka, da fatan jiki da sauƙi. Ni kam ba lafiya ba, kuma ni na jawo.

Kullum in na dawo daga makaranta ina wucewa ta shagon mai askin, in gan shi a rufe. Abin ya tsaya min a rai. Ka san halina, in yara biyu suka yi faɗa ba na barin su tashi sai sun yi musabaha. Sai na ce wa Auta ya shirya mu je gidan mutumin ya ba shi haƙuri. Ya ce Gwaggo an hana fa. Na ce ba dokar da ta hana neman gafara, har na ce masa girman kai ne ke damunsa. Sai ya sa takalmi.

Ko sallamar kirki ba mu gama ba matar mai askin ta gan shi a ƙofa, ta sa ihu, ta ɗauka ya dawo ƙarasa mijinta ne. Ta kira jami'ar. Yanzu Auta yana tsare, jibi za a mayar da shi gaban alƙali.

Na je ofishin jami'ar na yi ta bayani. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce sharaɗin ba don hora Auta aka sa shi ba, don mutumin ya samu ya yi barci ne. Wallahi ban taɓa tunanin tsoron da mutumin yake ji ba.

Ka yi mana addu'a.

Ƙanwarka,
Malama

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ga amsarka ba, kuma ban ga laifinka ba.

Na miƙe a kotu na faɗi komai, har da maganar girman kan. Kafinta ma ya zo da ƙurar katako a rigarsa, ya ce yaron bai taɓa makara ba. Alƙali bai tura shi gidan yari ba, alhamdu lillahi. Amma ya ƙara masa wa'adin sa ido, ya cire shi daga hannuna, ya mayar da shi masaukin hukuma. Ziyara ma sai jami'ar ta ba ni izini.

Da za a tafi da shi ya roƙe ni kada in gaya maka ni ce na jawo, wai gara ka yi fushi da shi tunda ya saba, ni kuwa ba zan iya ɗauka ba. Na kasa gaya masa tuni ka sani.

Ni ko ba ka rubuto min ba, zan jira. Shi ka rubuta wa, Yaya, a wannan makon. Ka gaya masa ka san ya ce an hana.

Ƙanwarka,
Malama