Illo ya sa Baba kuka sau biyu

Lahadi da dare, Filinge

Ƙanena Illo ya zo daga Yamai da kamararsa. Tun da ya bar wasan kwaikwayo a tele yake cika baki, wai yanzu gaskiya kaɗai yake ɗauka. Yau ya zaunar da Baba gindin rumbu, ya sa shi ba da labarin shekarar yunwa da yayarmu Hadiza ta rasu. Baba ya yi kuka. Ban taɓa ganin hawayensa ba.

Sai Illo ya ce, "Baba, sake hwaɗi, kukan jaki ya ɓata sautin."

Baba ya sake, don ɗansa ne.

Na ce, "Illo, ba ka da kunya." Wai ban san aiki ba.

Baba ko tuwo bai taɓa ba. Da asuba zan kai shi Damana wurin Gwaggo. Illo sai ya zauna ya ɗauki hoton rumbun.