Na goge muryar Inna don in zuba fina-finai

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ƙanena ya wulaƙanta ni a gaban mutane. Zan kira shi Ustaz, tunda haka kowa ke kiransa. A wajen sunan ɗan ƙanwarmu, muna zaune da dattawa ana shan jabana, wato gahawa, wani ya tambayi sana'ata, sai ya yi dariya ya ce, "Yaya ai injiniya ne, injiniyan zuba fim a waya." Kowa ya ƙyalƙyale. Ni da na bar makaranta na shiga gonar riɗi a Fashaga don shi ya yi karatu!

Ina da ɗan shago a kasuwar Gadarif, ina gyaran waya da kwamfuta, ina zuba wa mutane fina-finai da waƙoƙi. Da Ustaz ya gudo daga Khartum da iyalinsa saboda yaƙi, ya kawo mini laftof ɗinsa ya ce in kwafe masa komai. Na kwafe cikin na'urar gaba ɗaya, dunƙule guda, na ajiye a hardi, wato faifan ajiyar da nake aiki da shi. Irin wannan kwafin girmansa ya yi yawa, ya cinye kusan rabin hardin, kuma shi kaɗai gare ni. Na san abin da ke ciki. Kafin Inna ta rasu, Ustaz ya zauna da ita ya naɗi muryarta tana ba da labarin yadda kakanninmu suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka zauna a nan, da sunayen danginmu da muka rabu da su.

Bayan sunan nan lokacin kaka ya zo, ma'aikatan gona suka cika kasuwa, kowa na son sabon fim, hardi kuma ya cika. Wallahi ina da zaɓi. Tsofaffin fina-finai ne jibge, in na goge su zan sake samu wajen maƙwabcina. Ko in ciro muryar Inna kaɗai in ajiye, ba za ta ci wuri ba. Amma na zauna ina kallon sunansa a jikin kwafin, ina jin dariyar nan a kunnena. Na ce a raina, ai laftof ɗinsa na hannunsa, khalas, shi ke nan. Na goge, na zuba fina-finai a kai. Har daɗi na ji. Wane irin mutum ne zai ji daɗin wannan?

Makon jiya aka sace masa laftof a mota, a hanyar Showak. Ya zo shago, bai ma fara da maganar kwafi ba. Ya tsuguna ya ce, "Yaya, maganar ranar suna ta dame ni. Bakina ne, ka yafe mini." Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi da Inna tana wajenka."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ni ma uwata ce. Ban taɓa sauraron naɗin ba ko sau ɗaya, kullum ina cewa sai na samu lokaci.

Na buɗe baki na ce wuta ce ta dawo da ƙarfi ta lalata wani ɓangare na hardin. Na ƙara da cewa, "Kai mai ilimi, me ya sa ka bar ajiya wajen mai zuba fim?" Ya share ido ya ce, "Ma'alesh Yaya, ba laifinka ba ne." Ya ce yana da aboki a Kasala mai dawo da abin da ya ɓace a hardi, in ba shi ya kai masa.

Na san aikin nan. Abin da aka zuba wani abu a kansa ba ya dawowa, kuma mutumin zai gane hardin lafiyarsa ƙalau, hannu ne ya goge. Daga baya ƙanwarmu ma da ta ji labarin hardin ta kira tana jajanta mini, tana yi mini addu'a.

Amma a ranar, kafin ya bar shagon, na dubi Ustaz ido da ido na ce, "Ka zo bayan sallar Juma'a ka ɗauka."

Jama'a, kafin Juma'a, me zan yi?