Zuwa ga Yaya Habibu, Kan Tsuntsun da Ya Ƙi Fita Keji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a can Fatakwal, kai da abokan aikinka. Inna tana gaishe ka, haka ma Kawu Sale. Na rubuta maka a nan shafina na intanet ne inda kowa zai gani, domin na san kana karanta abin da nake rubutawa ko da ba ka ɗaga waya.

Yaya, ka tuna injin wasan da ka sayo a Funtua, na hannu, da 'yar talabijin mai tsage a gefe? Ka ɗaura su bayan babur ka shigo da su ƙauyenmu ranar kasuwar Yankara, ka haɗa su da batirin sola a shagonka na ƙofar gida. Faifai ɗaya ne kawai ya yarda ya yi aiki, na wani mutum da ya tsinci kansa a garin da babu kowa, yana yawo da tocila da 'yan harsasai, wasu halittu suna farautarsa. Baba ya leƙo sau ɗaya ya ce bai taɓa ganin wanda ya je har Funtua ya ɗauko tsoro ya kawo gidansu ba, sai kai.

Bayan la'asar nake kawo maka fura, sai in maƙale a bakin ƙofa. Ba ka taɓa kora ta ba. Turancin da suke yi ya fi ƙarfinmu mu duka, don haka da ido muke bin labarin. Abokanka burinsu su yi harbi su wuce, kai kuwa sai ka tsayar da mutumin a tsakiyar ɗaki kana haska bango. Kakan ce wanda ya zana wannan gari bai ajiye ko cokali a banza ba.

Akwai hoton da aka juya fuskarsa ga bango. Ka ce masu gidan sun yi abin da ba sa so na cikin hoton ya gani. Halittun da ba su da baki kuwa, ka ce mutanen garin ne da suka ga ɓarna suka yi shiru, shi ya sa aka shafe musu bakin. Na kasa cin tuwo da kyau ranar.

Inda muka fi yin gardama shi ne tsuntsun nan da ke cikin keji, ƙofar a buɗe amma ya ƙi fita. Ni na ce ya ga abin da ke waje ne, tsoro ya hana shi. Kai ka ce sam, mai shi yake jira. Muka yi ta ja-in-ja har damina ta wuce, ba wanda ya sauko.

Inna da ta gilma sai ta yi a'uziyya ta kau da kai. Amma ranar da ka shiga wani ɗaki mai kwanonin abinci jere a rufe, ta tsaya da tsintsiya a hannu ta daɗe tana kallo. Ta ce matar gidan nan da niyyar dawowa ta fita, wadda ta yi bankwana da gida ba ta tsayawa rufe kwano. Ka yi dariya ka ce ashe akwai gwana a gidan ba mu sani ba. Ba mu ga ƙarshen wasan ba, faifan ya karce kafin ka kai.

Sai lokacin da zama ya gagara saboda 'yan bindiga, aka fara kwana a daji, kowa ya kama hanya. Kai ka ɗauki Baba a babur zuwa Kankara, ka dawo ka ɗauke mu. Ina kallon Inna da safen nan, mayafinta a kai, ta koma madafa ta rufe tukunyar miya. Muka haɗa ido ni da kai.

Daga nan ka tafi neman abin da za mu ci. Baba ya rasu kana hanya, ka iso an riga an kai shi. Ka zauna kwanakin gaisuwa kanka a sunkuye, ka koma, tun daga nan sai saƙo ta hannun direbobi.

Bayan girbin bana na bi Kawu Sale zuwa ƙauyen. Na zaci zan ji tsoro, sai na samu kaina ina duba komai kamar yadda ka koya mini. Talabijin ɗinka babu ita. Abin latsawa na injin wasan yana nan rataye a ƙusa, zanzaro ya yi gini a kansa. Kabewa ta hau katangar Inna ta yi 'ya'ya ba wanda ya shuka ta. A gidan Malam Audu na ga shanya a igiya, sabon wanki yana ɗiga, sai ga matarsa ta fito ta rungume ni. Sun koma tun shuka, su da gidaje da dama.

Inna ta ce ita ma komawa za ta yi. Kawu ya ba ta haƙuri, ni ma na ba ta, ta ce ta gaji da kwana a ɗakin mutane. Ka san ba ta faɗin kewa da baki. Sai dai duk ranar da ta daka yaji takan ware wani a gwangwani, ta ce na mai nisa ne, gwangwanayen har sun cika taga.

Yaya, ba wanda ya riƙe ka a zuciya kan jana'izar Baba. Kwanansa ne ya ƙare, kuma da sunanka a bakinsa yana sa maka albarka, ina wurin. Rufin ɗakin Inna na ƙauye ya faɗa ta gabas, kuma ta rantse ba mai taɓa shi sai kai. Ruwa kuma ba zai jira ba. Ka taho ko na 'yan kwanaki ne.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya tsare ka a inda kake, Ya kawo mana kai Inna tana da sauran ƙarfin tashi ta tarbe ka. Amin.

Ƙanwarka,
Bilkisu, daga Kankara